Filta ta Huɗu

Fatar birki biyu, sun cinye har ƙarfe. Wayar direba, gilashinta a fashe. Kular abinci da ba a buɗe ba. Makullin mota ɗaure da takalmin jariri. Su ke nan a cikin ledar da ke kan cinyar Sufeto, motar 'yan sanda na gangarowa daga kwanar da tirelar ta kife jiya.

Saje ke tuƙi. A kujerar baya babban makaniken kamfanin ne, hannunsa cikin ankwa. Direban da aka ciro daga ƙarƙashin tirelar ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kamfanin da kansa ya kai ƙara, ya ce sakacin makanike ne.

"Yaushe rabonka da duba birkin Giwa?" in ji Sufeto. Giwa suke kiran tirelar.

"An daɗe, Yallaɓai."

"Dalili?"

"Ba ta fito ba."

"Ta fito daga ina?"

"A allo. Akwai allo a gareji. Duk Litinin rahoto ke saukowa daga ofis. Motar da lokacin dubata ya yi sai ta fito da ja, mu tsayar da ita. Wadda ba ta fito ba, in na taɓa ta, ofis zai ce wa ya aike ni."

"Kunnenka fa? Ba ka ji birkin na kuka ba?"

"Na ji. Har sama na hau na gaya wa Angama."

"Wane ne haka?"

"Mataimakin manaja. Ko cewa ka yi gidansa ya kama da wuta, sai ya ce maka an gama."

Saje ya fara dariya, ya haɗiye ta.

Makaniken ya daɗe yana kallon ankwar. "Ni ɗaurin bai dame ni ba, Yallaɓai. Innarmu ce. Jiya da muka dawo daga maƙabarta na durƙusa zan gaishe ta, ta juya fuska bango. Ita ta damƙa min ƙanin nawa yana yaro, ta ce in koya masa mota."

Saje ya karya kan motar ya shiga kamfanin.

A farfajiyar kamfanin tireloli iri biyu ne. Sababbi farare, tsofaffi shuɗaye da fentinsu ya koɗe. Sufeto ya bi ta tsakaninsu a hankali yana karanta lambobi, sannan ya hau bene.

Manaja mutum ne mai murya. Ya tarbe shi a ɗakin taro, gaban wani ƙaton allo da ya cika bango. Komai a allon kore ne.

"Ka gani da idonka, Sufeto. Mu nan da ilimi muke aiki. Ga filtoci a gefe: ta reshe, ta direba, ta wata. Wadda ka danna, rahoto ya tace maka abin da kake so, ya ɓoye saura. Ko ja ɗaya babu."

"Nuna min Giwa."

Manaja ya kama linzamin kwamfuta kamar wanda aka ba ɗan tsako. Ya danna nan, ya danna can. Daga ƙarshe ya ƙwala kira.

Wani siririn mutum ya shigo da sauri, rigarsa a goge, gumi a goshi.

"Kai, sarkin nawa! Nemo wa Sufeto motar nan. Ko sai na aika maka da takardar gayyata?"

"An gama, ranka ya daɗe."

Angama ya bi filtocin ɗaya bayan ɗaya. Giwa ba ta fito ba.

"Wataƙila makanike ne bai shigar da ita ba," ya ce, idonsa na kan tebur.

"Ya taɓa kawo maka ƙorafin birkinta?"

"Ban tuna ba, Yallaɓai."

Sufeto na karanta lambobin da ke allo. Duk na fararen motoci ne. Ya ɗaga kai. A saman allon, ta dama, tambarin kamfanin ne: tayar mota. A aljihun rigar manaja tayar zagayayyiya ce. A allo ta miƙe ta yi faɗi.

"Manaja, kai ka ce a ƙara girman tambarin nan?"

"Ni? Tun yaushe nake ce musu sun mayar min da taya ƙwai. Wa ke jin maganata a gidan nan?"

"Wa ya haɗa rahoton?"

"Wata yarinya ce a ƙarshen baranda."

Ba yarinya ba ce. Mace ce mai hankali, da gilashi a ido, hoton jaririya a jikin kwamfutarta. Birukanta a jere suke, kawunansu daidai. Takardun teburin ma babu wadda ta leƙo.

"Filta nawa kika sa a rahoton motoci?"

"Uku."

"Tun farko?"

"Tun farko."

"Wa ke iya gyara shi ban da ke?"

"Babu. Ni kaɗai ke da kalmar sirri."

Sufeto ya ɗauki biro ɗaya, ya ajiye shi a karkace. Ba ta san sanda hannunta ya miƙa ya daidaita shi ba.

"Malama, matar da ba ta iya barin biro a karkace ba za ta bar taya ta zama ƙwai ba. Akwai mutum a mota a ƙasa, da ankwa a hannu. Jiya ya binne ƙaninsa."

Ta cire gilashin, ta goge, ta mayar.

"Huɗu ne," ta ce. "Ta huɗun ta shekarun mota ce. Maɓalli biyu: sababbi, tsofaffi. Da zan tafi hutun haihuwa na ba mataimaki kalmar sirrina, saboda rahoto kada ya tsaya. Doka ta hana. In manaja ya ji, aikina ya tafi."

"Da kika dawo fa?"

"Na tarar babu ta huɗun, tambari ya kumbura. Ya ce manaja ne ya ce maɓallai sun yi yawa, a goge ɗaya, a ƙara girman tambari. Abin da manaja ya ce, ba a komawa a tambaye shi. Na ɗauka an goge ɗin ne."

"A ina filtar take da?"

Ta nuna saman allo, ta dama. Sai yatsan ya tsaya a iska.

"Matsar da shi," in ji Sufeto.

Ta ja tambarin gefe. A ƙarƙashinsa ga filtar, an matse ta ta zama 'yar mitsitsiya. Maɓallin sababbi a kunne. Na tsofaffi a kashe.

Ta danna.

Ja ya zubo daga sama har ƙasa. Giwa ce a layin farko.

"Innalillahi," ta ce a hankali. "Kullum ina kallonsa. Kullum yana ba ni haushi. Ban taɓa ɗaga shi ba."

Sufeto ya leƙa ta taga ya kira Saje a waya. "Rufe get. Kada shuɗiyar mota ko ɗaya ta fita. Waɗanda ke hanya, a kira direbobinsu su faka inda suke." Ya juyo. "Ke kuma mayar da komai yadda kika same shi."

Ya tsaya a baranda shi kaɗai na ɗan lokaci. Ya saba da masu yage takarda da masu ƙona fayil. Nan ba a yage komai ba, ba a ƙara ƙarya ko ɗaya a lissafi ba. Duk abin da allon ya nuna gaskiya ne. Rufe rabi kawai aka yi, sauran rabin ya yi kyau, kowa ya ji daɗin kallonsa.

Ya koma ɗakin taro. Manaja na nan, Angama na tsaye a bayansa. Allon ya koma kore.

"Zauna," Sufeto ya ce wa Angama. "Abu kaɗan za ka yi min. Tambarin nan ya tare min gani. Ɗan matsar da shi."

"An ga..." Bai ƙarasa ba.

Ya ɗora hannu a kan linzamin. Kibiyar ta tafi har bakin tayar, ta tsaya.

"Me kake jira?" manaja ya daka masa tsawa. "Matsar mana!"

Angama ya janye hannunsa ya sa a cinya.

"Ba sai na matsar ba, Yallaɓai. Na san abin da ke ƙasa."

"Faɗi."

"Masu kamfani ne za su zo taro. Tsofaffin motoci sun cika allo da ja, kayan gyara ba su iso ba. Manaja ya ce in baƙi suka ga ja ko ɗaya, in tattara nawa in tafi. Sai na kashe tsofaffi, na ja tambari na rufe. Taro ɗaya na so a yi a gidan nan ba a zage ni a gaban mutane ba. Ranar har hannu ya ba ni."

"Ka san gareji wannan rahoton suke karantawa?"

"A lokacin ban sani ba. Sai da makanike ya hawo ya ce Giwa ba ta fitowa."

"Me ka ce masa?"

Angama ya sunkuyar da kai.

"Me ya hana ka buɗewa ran nan?"

"Na ɗaga na leƙa. Jan ya ninka na da. In na buɗe, sai an tambayi wanda ya rufe. Na ce bari Litinin mai zuwa. Duk Litinin haka nake cewa."

"Da safe kuma da aka ce laifin makanike ne?"

"Na yi shiru. Ni na buga takardar ƙarar."

Manaja ya miƙe yana huci. "Munafuki! A kamfanina? Wallahi sai na..."

"Zauna, Manaja. Tsofaffin motocinka suka daina lalacewa rana ɗaya, ba ka taɓa tambayar wane malami ya yi musu addu'a ba. Kai ma akwai bayanin da za ka rubuta min. Gobe ina jiranka."

Manaja ya zauna. Karon farko ke nan da ɗakin ya yi tsit yana ciki.

A ƙasa, Saje ya buɗe ankwar daga hannun makanike ya maƙala wa Angama. Direbobi da yaran gareji sun tsaya jikin shuɗayen motoci suna kallo. Babu wanda ya yi ihu.

Makaniken na murza wuyan hannunsa. Ya dubi Angama, ba da fushi ba, kamar mai son a yi masa bayani.

"Ka ce min an gama," ya ce.

Angama bai ɗago ba. Saje ya kama kafaɗarsa, ya tasa shi gaba zuwa motar da aka turo daga caji ofis.

Makaniken ya juya zai nufi gareji, don bai san inda zai nufa ba.

"Shiga gaban mota," in ji Sufeto.

"Akwai saura, Yallaɓai?"

Sufeto ya buɗe ledar, ya kwance takalmin jaririn daga jikin makullin, ya miƙa masa. Sauran kayan na kotu ne. Ya zagaya ya zauna a mazaunin direba, ya ja ƙofa ya rufe.

"Ofis ya jira," ya ce. "Gidan Innarku za mu fara. Da bakina zan gaya mata."