Taɓon Hanyar Rurum

Ranar da Mufida za ta fara gwajin koyarwa a firamaren Rurum, tun da asuba ta goge farin hijabinta. A kwaleji an sha jaddada musu cewa yadda aka fara ganin malami, haka za a ci gaba da kallonsa.

An kwana ana ruwa. Duwatsu sun wanku, gero ya yi kore shar, iska tana ɗauke da ƙamshin ƙasa. Mai babur ɗin da ya ɗauko ta daga garinsu Durba ya sauke ta a kwana saboda santsi, ta ƙarasa a ƙafa tana tsallake kududdufai.

Sai ga wani babur a guje. Kafin ta kauce, taɓo ya wanke mata hijabi tun daga kafaɗa.

Saurayin ya tsaya, ya sauko jiki a sanyaye, da akwatin allurar dabbobi ɗaure a bayan babur ɗin.

"Don Allah ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Saniya ce ba lafiya a ruga, hankalina yana can."

Mufida ta dubi hijabinta, ƙwalla ta taru mata. Da ta ɗago ta ga yadda ya fi ta ruɗewa, sai dariya ta ƙwace mata.

"To yanzu ya za ka yi da ni? Yau ce ranata ta farko."

Ya kai ta gidan yayarsa Jannatu da ke bayan makarantar, aka ara mata koren hijabi. A cikinsa ta shiga aji, kuma ba wanda ya lura, sai fara'arta da yara suka tafi gida suna labari.

Sunansa Ubaidullahi, ɗan Fulanin Rurum Tsohon Gari, yana shekarar ƙarshe a karatun lafiyar dabbobi. A wajen Jannatu ya karɓi lambarta. Da yamma saƙo ya shigo:

"Malama, taɓon ya fita? Ko ya fita daga hijabin, ke dai kin ƙi fita daga raina."

Ta daɗe tana murmushi kafin ta rubuta: "Likitan shanu, ka fara koyon tuƙi tukuna."

Haka damina ta wuce musu kamar mafarki. Idan an tashi daga makaranta yakan raka ta bakin hanya, yana tura babur, tana ba shi labarin yaranta. Yana kiranta Malamata, tana kiransa Likitana.

Sai ranar da mahaifinta, Malam Ramalan, ya ce Ubaidullahi ya zo su gaisa bayan la'asar. An share zaure, an shimfiɗa tabarma. Ubaidullahi bai iso ba sai dab da magariba, kaftaninsa duk ya ɓaci. Ya durƙusa ya ba da haƙuri, kunya ta hana shi ƙara komai.

Bayan tafiyarsa Malam Ramalan ya ce, "Mufida, yaron da ya zo mini haka a ranar farko, ta yaya zan ba shi amanarki?"

A lokacin ne Shamsuddeen, mai motocin haya zuwa Kano, ya fara sallama a gidan, cikin shadda da ƙamshin turare, bakinsa da daɗi. Malam bai tilasta mata ba, amma kowa ya ga inda ransa ya karkata.

Aka kuma tura Ubaidullahi aikin rigakafi can cikin rugage, wayarsa ta daina shiga. Ƙawarta Hidaya ta zo da labari: "Na ji ana shirin biki a gidan su Ubaidullahi. 'Yar baffansu za a kawo. Ki kama Shamsuddeen tun kafin ki yi biyu babu."

Mufida ta zauna gindin darbejiyar tsakar gida tana kallon gajimare. Zuciyarta ta yi nauyi, amma duk inda ta juya tunaninta ba ta tuna ranar da ya taɓa yi mata ƙarya ba. Ta share ido, ta tashi ta sami mahaifinta.

"Baba, ni ma ranar da na fara ganinsa ba a kyakkyawan hali na gan shi ba. Daga baya na san ko wane ne. Ba na jayayya da kai. Roƙona ka je da kanka ka bincika, abin da ka gano na yarda."

Washegari Malam ya ɗauki hularsa, ya fita bincike.

Ya dawo da yamma, ya kira ta gaban mahaifiyarta. A Unguwar Gai, in ji shi, ya sami wata tsohuwa mai saniya ɗaya tilo. Ranar gaisuwar nan haihuwa ta zo wa saniyar da gardama, Ubaidullahi yana wucewa ya ji kukan matar, ya tsaya har ɗan maraƙin ya miƙe. Bikin kuwa na ƙaninsa Haliru ne.

"Na yi gaggawa," Malam ya ce a hankali. "Ki ce ya turo magabatansa."

A ranar, kamar ya sani, saƙon Ubaidullahi ya shigo:

"Malamata, sai da na hau kan dutse na sami sabis. Daga nan ina hango wajen Durba. Kina nan kina jirana?"

"Ina nan, Likitana. Ka sauko a hankali. Baba yana nemanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure a masallacin Juma'ar Durba. Danginsa suka zo da ƙoren nono da karsana ja, kyautar amarya. Da za a tafi da ita, Malam Ramalan ya dafa kanta.

"Ki riƙe shi yadda kika yarda da shi. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ɗayyiba."

Mata suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa. Mufida ta sunkuyar da kai cikin lulluɓi, hawaye da murmushi suka haɗu mata, motar amarya ta ɗauki hanya.