Shekarar da Shamuwa Ba Ta Zo Ba

Da hantsi dubban madubai suka juya fuska lokaci guda, suka tattara hasken rana a ƙoƙon Hasumiyar Zafi. Can sama gishiri ke narkewa, zafinsa ya tafasa ruwa, tururi ya juya injina, birnin Tudun Gawo ya samu lantarki ba hayaƙi. Tun da duniya ta daina sayen ɗanyen mai, wannan hasumiya ce uwa ma ba da mama. Injiniya Barira ke kula da madubanta, kuma tana alfahari da aikin, ba ta ɓoyewa.

Sai dai akwai abin da waɗanda suka zana ta ba su hango ba. Iskar da ke kewaye da hasumiyar ta fi wutar maƙera zafi, kuma ta nan shamuwa ke ratsowa daga kudu gabanin damina. Barira ta gani a allon na'ura: tsuntsu zai shigo cikin hasken, ya yi ɗan farin hayaƙi, ya faɗo. Ta roƙi hukumar birni a kawar da madubai har su wuce. Aka ce masana'antu ba za su tsaya don tsuntsu ba. Maganar gaskiya, ita ma ba ta matsa ba.

Ran Juma'a ta je ƙauye gaida mahaifinta, Malam Tanimu. Tsohon direban tankar mai ne, da aikin ya mutu ya koma gona, gonar kaɗai ta rage masa. Shi kuwa ba ya shuka sai shamuwa ta sauka a tsamiyar ƙofar gidansa, don ruwan farko ya sha yaudarar mutane, iri ya ƙone a ƙasa. Ta same shi zaune, ƙwaryar irin gero a gefensa.

"Baba, ruwa ya zauna," in ji ta. "Maƙwabta har sun fara noma. In ka ƙara jira, bana ba ka da hatsi."

"Ba su zo ba, Barira. Tun ina yaro ba su taɓa yi mini ƙarya ba." Ya dube ta. "Daga saman hasumiyar nan taku ana hango nesa. Ba ki gan su a hanya ba?"

Kunya ta kama ta, da baƙin ciki.

"Na gan su, Baba. Haskenmu ne ke ƙone su. Kullum injin shara ke kwashe su."

Ya dubi ƙwaryar irin da ke gefensa, ya ce:

"Kun ce man da muka yi jigila ya ɓata sama. Na yarda, na ajiye makullina. Ashe garin neman gira za a rasa ido."

Ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki sungumi da ƙwaryar iri. A ƙofar gida ya ɗaga kai ya dubi sheƙar bara a kan tsamiya, ba komai a cikinta.

"Bana ke kika faɗa mini lokacin shuka," ya ce. "To baɗi wa zan tambaya?"