Tsohuwar Wayar da Aka Ba Inna

Matar Tela tana ninke wanki a falo sai ga surukarta, Inna, ta faɗo ko sallama babu. Ta dire ƙullin kayan jarirai, ta ƙura wa cikinta ido.

"Wai ina cikin yake? Wayar nan kullum sai ta ce jariri ya ƙara girma, ke kuwa shafal kamar an bi ki da dutsen guga!"

Nan take matar Tela ta gano bakin zaren. Tsohuwar wayarta ce ta ba Inna kyauta, ta manta ba ta fita daga manhajar da take lissafin al'adarta ba. Ashe duk abin da ta shigar a sabuwar wayarta, har da zancen cikin, can ma fitowa yake, autar Inna na karanta mata.

Cikin kuwa tuni ya zube, ita da mijinta suka binne maganar. Akwai wurin da ake dannawa a shaida wa manhajar, amma duk sanda ta kai yatsa sai ta fasa. Waya kuma ba ta san makoki ba, ta ci gaba da rainon ɗan da babu shi.

"Dama an ce ku 'yan boko zubarwa kuke yi. In haka ne, yau za ki bar gidan ɗana."

Matar Tela ta fashe da kuka. Ana haka Tela ya shigo daga shago, tef ɗin awo rataye a wuyansa. Da ya ji abin da ake ciki, ya durƙusa.

"Inna, ɓari ta yi, ni na kai ta asibiti. Ni na ce a yi shiru, don haka laifin nawa ne. Amma abin da ke wayar nan sirrin jikinta ne – ko ni sai ta nuna mini nake gani."

Inna ta zauna. Ta daɗe tana murza wata 'yar hular jariri.

"Uku na rasa kafin na same ka, ba wanda ya ce mini sannu, sai zargi. Yau ga shi na yi wa 'yar mutane abin da aka yi mini." Ta miƙa wayar. "Yafe mini, 'yata. Nuna mini wurin da ake shaida wa wayar, mu danna tare."

Suka danna, sannan aka goge manhajar.

Mahakurci mawadaci. Da Allah ya sake kawo rabo, daga bakin matar Tela Inna ta ji albishir, ta ɗauko ƙullin nan da bai ɓata ba. Waya ta iya lissafi, amma ba ta san ciwon zuciya ba. Sirrin jikin mace nata ne, a jira ta faɗa da bakinta.