Kujerar da Aka Hana Maiwada

Duk wanda ya san Ƙaura Namoda kafin a ƙirƙiro jihar Zamfara ya san Barista Maiwada, amma ba don iya aiki ba. Lauya ne mai kwat ɗaya, wanda ko kazarka aka sace ba za ka so ya tsaya maka ba. Abokan karatunsa sun yi motoci a Sakkwato, shi yana fama da tsohon babur, kuma abin yana cinsa a rai ba dare ba rana.

Wata Laraba da tsakar rana ya ɓoye babur ɗinsa bayan garin Gurbin Bore, ya taka zuwa wata tsohuwar kuka mai kogo, wadda ko tsuntsu ba ya sauka kanta. An ɗaure gindinta da jan ƙyalle da jini ya mayar baƙi, ƙahonin awaki sun jeru a bakin kogon, ƙudaje sun rufe wata tukunya. A ciki boka Dogo yake zaune.

"Mi kaka so, lauya?" in ji Dogo.

"In riƙa cin shari'a."

"Miƙo hular taka ta Turawa."

Maiwada ya miƙa farar hular gashi da lauyoyi ke sawa a kotu. Dogo ya yanka baƙin zakara, ya shafe cikinta da jini, ya tura ta can ƙuryar kogon. Wani abu ya ja numfashi a cikin duhun, sai ga hular ta dawo a bushe.

"Iskokin sun amsa," in ji boka. "Muddin tsaye kake gaban alƙali, maganakka ba ta faɗuwa ƙasa. Amma kak ka kuskura ka zamna kujerar alƙalin. Ran da ka zamna, duk wanda yaf fita kotunka shina kuka, abin da yas sa shi kuka za su ɗauka gidanka."

Halin lauya ya motsa. "In na fanshe da rago fa? Ko bijimi?"

"Wurin ga ba kotu ba ne. Ba a ɗaukaka ƙara."

Maiwada ya yi dariya a zuci. Wa zai naɗa shi alƙali, ga manya sun cika Sakkwato? Ya ce ya yarda.

Daga ranar bai sake faɗuwa shari'a ba. Fataken shanu na Shinkafi suka riƙa layi a ofishinsa. Ya gina bene, ya sayi Fijo, ya mallaki fadama a Badarawa. Matarsa Kulsumu ta je Makka, ɗansa Ismail ya shiga jami'a. Autarsa Nusaiba kuwa, ita kaɗai ke iya katse masa magana ya yi murmushi.

Sai aka yi sabuwar jiha, aka shiga neman alƙalan babbar kotu cikin 'yan ƙasa, kuma sunansa ne a gaba. Dattawan gari suka cika zaurensa da addu'a. Yana iya cewa a'a, kowa ya sani. Amma ya hango jar rigar alƙalai da ɗan sanda mai buɗe masa mota, ya ce wa kansa shekaru sun ja, wataƙila an manta. Ya zauna.

Hukuncinsa na farko kan gona ne, kuma gaskiya ya bi. Tsohon da aka kayar ya fita yana share hawaye. Damina ba ta ƙare ba gulbi ya cinye fadamar Badarawa. Ya ɗaure wani saurayi ɓarawo, uwar ta fita tana kururuwa. Kafin sati Ismail ya haukace, ya tuɓe tufafi a tsakiyar kasuwa, sai da aka sa masa mari a ƙafa a ɗakin baya.

Maiwada ya ruga Gurbin Bore. Toka ya tarar da kututture. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a samari suka sare kukar, suka cinna mata wuta, Dogo kuma ya tsallaka Nijar, babu wanda ya san inda ya nufa. Maiwada ya durƙusa cikin tokar yana roƙo, ba mai amsawa.

Ana nan aka kawo masa shari'ar kisan kai, ta wani yaro da ya kashe abokinsa a Zurmi. Iyayensu mata biyu suna zuwa kowane zama. In ya yanke kisa, uwar mai laifi za ta rasa ɗa. In ya sake shi, uwar mamaci za ta fita tana kukan nata. Ta ko'ina kukan ɗa ne, kuma Nusaiba ce ta rage masa. Sai ya koma ga abin da alƙalai suka iya, ya ce an ɗage shari'ar.

A yammacin nan Nusaiba ta kwanta. Ba ta warke ba, ba ta mutu ba. Duk ɗagewar da ya yi sai ta ƙara ramewa, kamar yadda matan nan biyu ke ramewa a bencin kotu. Ya nemi ya ajiye aiki, ya tura shari'ar ga wani alƙali, sai ciwon ya ninka, domin jiran matan ne zai ƙaru. Likitocin Gusau suka ce ba su ga komai ba. Da kuka ya gaya wa Kulsumu gaskiya, Nusaiba tana ji daga kan gado.

"Baba," ta ce da ƙyar, "na gaji. Don Allah ka yanke."

Washegari ya yanke hukuncin kisa kamar yadda doka ta ce. Uwar mai laifin ta ƙwalla ƙara ta zube a bakin ƙofa. Kafin ya cire jar rigar, direbansa ya shigo da hula a hannu, ya kasa haɗa ido da shi. Nusaiba ta rasu.

Kulsumu ta koma gidansu, benen ya zama na jemagu. In ka bi ta tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura za ka ga wani tsoho da ruɓaɓɓiyar hular lauya, tsaye, ƙafafu sun kumbura, ko barci a jingine yake yi. Ka ba shi abinci zai karɓa, amma kada ka nuna masa wurin zama, ihu zai yi.

Kai mai jin arziƙinka ya yi jinkiri, ka je ka gan shi kafin ka nemi hanyar wani kogo. Masu bayarwa a can ba sa mantuwa, kuma ba abin da ka fi ƙi suke ɗauka ba.