Waken da Ba Ita Ta Shuka Ba

Rana ta gama faɗuwa, hasken da ya rage a tsakar gida bai wuce na gane fuskar mutum ba, lokacin da tsakuwa ta farko ta sauka a kan kwanon ɗaki. Maman Auta tana zaune a bakin gado da waya a hannu, tana yi wa 'yarta aikin gida. Ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce a ranta yaran unguwa ne da rashin jin maganarsu. Sai ta biyu ta sauka, ta gangaro a hankali ta faɗo daidai bakin ƙofa. 'Yar farar tsakuwa ce mai santsi. Da ta dube ta sai ta tuna inda ta taɓa ganin irinta.

Tun farkon shekara makarantar su Auta ta daina ba da aikin gida a littafi, komai ya koma cikin waya. Akwai wata manhaja mai ɗan zomo, shi yake karanto tambaya, yaro ya taɓa amsa da yatsa. In ya dace, zomo ya yi tsalle ya ce "Madalla," tauraro ya faɗo. In ya kuskure, zomo ya langaɓar da kunnuwa ya ce "Sake gwadawa." Wannan duk ba abin damuwa ba ne. Abin damuwar shi ne shafin aji, inda ake jera sunayen yara bisa yawan taurarinsu, kuma kowace uwa tana gani.

Auta 'yar aji uku ce, kuma gaskiya ba ta da sauri. Kullum da yamma takan zauna a gindin tagar baya, ta ƙure muryar waya, ta yi ta ƙirga da yatsu a bayyane har ta haɗa da na ƙafa. In zomo ya langaɓar da kunnuwa ma dariya take yi, ita ko a jikinta. Sunanta kuwa yana can ƙasa.

Wata rana a kantin magani inda Maman Auta take aiki, abokiyar aikinta ta miƙo mata waya tana murmushi. "Ashe 'yarki ajinsu ɗaya da nawa? Na yi ta neman sunanta, sai da yatsana ya gaji da gangarawa."

Ta yi dariyar yaƙe, amma maganar ta zauna mata a ƙirji. Da yammar nan ta ce wa Auta, "Kawo in nuna miki." Daga nunawa aka koma taɓawa, daga taɓawa waya ta daina komawa hannun mai ita. Ta ma kashe muryar zomon don kada Baban Auta ya ji. Sunan yarinya ya yi ta hawa har ya kai sama, ita kuwa yarinyar ta ci gaba da zama a gindin taga, hannu babu komai. Maman Auta tana ganinta, tana kuma jin kunya, sai dai ta kawar da kai ta ce gobe za ta bari.

Ana cikin haka malamar ajinsu ta ba da aikin shuka. Kowane yaro ya shuka wake a gwangwani, in ya tsiro a ɗauki hoto a sa a shafin aji. Auta ta shuka nata, ta dinga ɗura masa ruwa safe da yamma don tsabar so, har ya ruɓe. Hotunan 'yan ajinsu suka fara shigowa, kowa da ganyensa shar, gwangwanin Auta kuwa sai wari. Ana gobe za a rufe karɓa, Maman Auta ta zagaya kangon da ke bayan gidansu za ta zubar da shara. Nan ta gan shi, daidai ƙarƙashin tagarsu ta waje: wake ya tsiro da ganye biyu, ƙasarsa a jiƙe, an kewaye shi da fararen tsakuwoyi an jera su tsaf. Ta ga tsakuwoyin, ba za ta ce ba ta gani ba. Ta san abin da aka kewaye haka yana da mai shi. Ta waiga dama da hagu, ta koma ta ɗauko cokali.

Da Auta ta ga gwangwanin sai ta tsaya cak. "Mama, wannan ba nawa ba ne."

"Yanzu naki ne. Riƙe in ɗauke ki hoto."

A hoton yarinyar ba ta yi murmushi ba. Malama ta yaba, iyaye suka yi ta tura tafi. Washegari da magariba tsakuwa ta fara sauka.

Baban Auta mai gyaran wutar lantarki ne, kuma a wurinsa duk abin da ya faru a duniya wayar wuta ce ta haɗu da wata. Ya hau kwano da tocila ya sauko babu labari. Ya yi wa yaran maƙwabta faɗa a banza. Kullum rana ta faɗi sai tsakuwa ta zubo, ba da ƙarfi ba, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da haƙuri. Sai aka fara samun ƙasa a inda ba ta da dalilin zuwa: cikin tukunyar da aka rufe, ƙarƙashin matashin kai, cikin jakar aikin Maman Auta. Ita kaɗai, ban da kayan kowa. Takan share da sauri kafin mijin ya gani.

Sannan waya ta fara magana. Tana ajiye a kan tebur, fuskarta baƙi, murya a kashe, sai a ji zomo cikin shirun ɗaki ya ce, "Sake gwadawa." Baban Auta ya kashe ta gaba ɗaya ya kulle a durowa. Suna cin abinci muryar ta fito daga cikin durowar, a sanyaye. Ranar dai bai ce wayar wuta ce ta haɗu ba, sai ya ajiye cokali.

Auta ta daina cin abinci, ta daina magana. Ta zauna kusa da gwangwanin a gindin taga, idonta a buɗe amma ba ya kallon kowa. Asibiti suka ce ba su ga komai ba. Maman Auta ta san abin da ta yi, sau da yawa ta buɗe baki za ta faɗa wa mijinta sai kunya ta rufe shi. Ta yi tunanin mayar da waken a ɓoye, amma duk lokacin da ta miƙa hannu, sai yarinyar ta juyo ta dube ta da wani kallo wanda ba na yara ba, ta janye hannunta. Tsoro take ji, amma abin da ya fi tsoron ci mata rai shi ne sanin cewa ita ta jawo.

Ranar da ta kira "Auta" aka amsa mata da muryar babbar mace, "Wace?", ranar Baban Auta ya tafi ya ɗauko malam.

Malamin tsoho ne mai ƙaramin jiki da sanyin magana. Ya iso rana tana ja, ya zauna a kan tabarma, ya sa aka kawo ruwa a kofi. Ya daɗe yana karatu. Inuwa ta cika ɗakin, ba wanda ya tuna ya kunna fitila. Tsakuwa ta sauka a kan kwano sau ɗaya, ta yi shiru. Sai Auta ta miƙe zaune, ta gyara zama irin na manyan mata, ta ɗora hannu a gwiwa.

"Ya isa, malam. Ina ji." Muryar ba ta da tsawa, murya ce ta macen da ta gaji.

"Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba ta yi mini komai ba. Ni maƙwabciyarsu ce, a kangon baya muke tun kafin a sa tubalin gidan nan. Ni ma uwa ce." Ta numfasa. "Ina da 'ya. Kullum da yamma takan zo ƙarƙashin taga ta saurari abin nan mai magana. Wannan tana ƙirgawa a ciki, tawa tana ƙirgawa a waje. Da aka ce a shuka wake, wannan ta miƙo mata ƙwaya ɗaya ta tsakanin ƙarfen taga. Tawa ta shuka, ta kewaye shi, tana ɗebo masa ruwa da tafin hannu."

Baban Auta ya dubi gwangwanin, ya dubi matarsa. Ita ƙasa take kallo.

"Da aka kashe muryar, muka yi haƙuri, kayanku ne. Sai aka zo da cokali."

Malam ya ce, "Wa ya zo da cokali?"

Aljanar ta juya kan yarinyar a hankali har idanun suka tsaya a inda za su tsaya. Maman Auta ta ɗago kai.

"Ni ce, malam," in ji ta. "Ni na tone. Taurarin ma duk ni ce, ba ita ba."

Mijin ya kawar da kai, kuma da ya yi faɗa da ya fi mata sauƙi.

Malam ya juya ga yarinyar. "An zalunce ki, na ji. Amma kin bar mai laifi kin kama marar laifi. Wannan ba hakkinki ba ne. Ki fita."

"Ban ture kowa ba, malam. Na zo na tarar da wuri a buɗe. A tambaye ta, wata ta amsa. A kira sunanta, wata ta karɓi yabo. Na ce ashe ba a amfani da ita. Ta ɗauki shukata, na ɗauki tata. Ni zan iya jira ta tsiro."

Maman Auta ta rarrafo ta kama ƙafar 'yarta, ƙafar sanyi ƙalau. "Don Allah ki bar mini ita. Ki ɗauki duk abin da kike so."

"Ki bar ni da ita har waken ya yi 'ya'ya."

"Ko zuwa isha ba za ki kai ba," in ji malam, ya ɗauki kofin ruwa ya ci gaba da karatu. Jikin yarinyar ya fara rawa, ta ɗaga hannu.

"Tsaya. To a mayar da shi inda aka tono, da hannun da ya tono. A cire hoton nan da aka nuna wa duniya. Kuma a mayar da muryar, a bar taga a buɗe."

"Biyun farko hakkinki ne, za a yi yanzu. Na uku babu. Ku da su kowa ya tsaya a iyakarsa, ba sauran miƙo hannu ta taga."

Muryar aljanar ta ƙara yin ƙasa. "To ba ma zauna muna kallon taga a rufe ba. Za mu tashi, mu tafi da wakenmu. Na yi alkawari ba zan dawo ba."

Maman Auta ta ɗauki gwangwanin ta fita ita kaɗai, malam ya hana mijin ya raka ta. A kangon duhu ya fara sauka. Ramin yana nan yadda ta bar shi. Ta durƙusa ta mayar da waken da yatsunta, ta danna ƙasa, ta kwaso tsakuwoyin da ta tara a ɓoye a bakin zaninta ta jera su yadda ta tuna. Ba su yi kyau kamar na farko ba. Ta ce, "Ki yafe mini," ba ta san wa take gaya wa ba, uwar ko 'yar. Kafin ta kai ƙofa ta ji atishawa daga ɗaki, sannan wata 'yar siririyar murya ta ce, "Baba, yunwa nake ji."

A daren ta cire hoton, ta rubuta wa malamar aji gaskiyar abin da ya shafi wake da taurari. Malama ta goge taurarin duka, sunan Auta ya koma ƙasan kowa, inda abokiyar aiki za ta sha gangarawa. Da safe Maman Auta ta leƙa ta taga. Babu wake, babu tsakuwa, sai ƙasa a share.

Da yamma ta kunna muryar zomo ta miƙa wa Auta waya. Yarinyar ta karɓa tana kallonta, kamar tana jiran a ce kawo. Ta je gindin taga ta zauna. Zomo ya karanto tambaya, ta fara ƙirga yatsu, ta kai tsakiya sai ta tsaya ta kasa kunne wajen taga.

"Mama, sun tafi, ko?"

"Sun tafi."

Auta ta sunkuyar da kai. "Ita ce take jira in gama ƙirgawa."

Maman Auta ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ta sauko daga gado ta zauna a ƙasa kusa da 'yarta, ta tura hannayenta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta danne su. Yarinyar ta taɓa amsa, zomo ya langaɓar da kunnuwa ya ce, "Sake gwadawa." Amsar tana bakin uwar, ta haɗiye ta.

"Fara daga farko," in ji ta. "Ina nan, ba inda za ni."