Kitson da Aka Tsefe a Gumel

"Wai da wannan za ki fita walima?"

Zaituna ta ji maganar har cikin ƙashinta. Kwananta ɗaya tak a gidan miji. Jiya aka kawo ta Gumel daga Gagarawa, yau kuma ga Mu'azzam, angonta, tsaye yana kallon kanta kamar ya ga baƙon abu.

"Doka ce," ta faɗa a hankali. "Iya ce ta yi min..."

"Na san doka ce, abar ƙaunata. Kakata ma da ita ta mutu." Ya yi 'yar dariya. "Ki duba tudun nan fa. Ina ɗaurin ɗankwali zai zauna? Abokaina daga Kano za su zo da matansu, ga masu hoto."

Ta shafa kitson. Yini guda Iya Sabuwa, mahaifiyarta, ta ɓata a kansa duk da tsufanta. Makitsiya ce da ba ta taɓa kan mutum sai ta ba shi labari. Shuku, in ji ta, daga Yarbawa ya hauro, kalaba kuma sunan garinsa ya ɗauko. Amma doka tasu ce, da ita kakanninsu suka zo daga ƙasar Manga. Ranar kitson, Iya ta cusa wani dunƙulen tsumma a tsakiya, ta kitse gashin a kansa har ya tashi, sannan ta ce, "Kada kowa ya taɓa kan nan. Ran kwana bakwai zan zo in tsefe da hannuna, sai in gaya miki abin da uwa ke gaya wa 'yarta."

"Na yi mata alkawari, Yaya Mu'azzam."

"Ni fa? Shekara uku ina bin hanyar Gagarawa a kan babur, damina da rani. Abu ɗaya na roƙa yau, Zaitunata... ɗaya."

Ya iya magana, wannan kam ba a ƙwace masa. Ita kuma tana son sa, son da ke sa mai hankali wauta. Kafin azahar tana zaune a shagon Safara'u mai gyaran gashi, ana ta fizgar kitson da tsinke.

"Ikon Allah," in ji Safara'u, ta ɗago baƙin tsumma da yatsa biyu. "Har yanzu ana wannan?"

Ta jefa shi a kwandon shara. Zaituna ta gani sarai, amma kunya ta hana ta ɗauko shi.

An yi walima, an yi hotuna, kowa ya yabi amarya. Ita dai ko loma ba ta wuce mata da daɗi ba. Kullum tana cewa gobe za ta kira Iya ta faɗa mata, goben ba ta zo ba.

Ran kwana bakwai da hantsi Iya Sabuwa ta yi sallama. Ta zo da man shanu a ɗan kwano, da kibiyar kitso, da almakashi a ƙulle cikin gefen zane.

"Zauna nan, 'yar albarka. Cire ɗankwalin."

"Iya, ki sha ruwa tukuna..."

"Ruwa ba ya gudu. Cire."

Ta cire. Ƙananan kitso ne na zamani, sun zubo har kafaɗa. Iya ta daɗe tana kallo. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi.

"Ya yi kyau," ta ce. "To miƙo min abin da ke ciki."

"Wane abu?"

"Tsumman."

Zaituna ta sunkuyar da kai. "Iya... an zubar."

Tsohuwar ta lalubi bango ta zauna.

"Ƙyalle biyar ne a ƙulle," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa. "Duk macen gidanmu da aka kai ɗaki, ran kwana bakwai ana yankar bakin zanen aurenta a ɗaura a kai. Akwai na kakar kakarki. Akwai nawa." Ta numfasa. "Baƙin saƙin da ke sama da nawa na uwata ne. Wajen haihuwata ta rasu, Zaituna. Ban san fuskarta ba, babu hotonta. Wannan ƙyallen kaɗai na taɓa riƙewa."

Zaituna ta zube a gabanta tana kuka. "Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Ni ma sai ran kwana bakwai aka faɗa min. Cewa aka yi kada in taɓa, ban taɓa ba."

Mu'azzam ya shigo, ya durƙusa ya gaida surukarsa. Da ya ji abin da ya faru, bai tsaya neman hula ba, ya hau babur sai shagon Safara'u. Bai jima ba ya dawo, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa haɗa ido da kowa.

"Sun ƙona sharar tun ran Talata, Iya. Laifina ne, ni na matsa mata. A yafe min... ko nawa ne zan sayo saƙi irinsa."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ba a sayar da shi."

Zaituna ta rarrafa ta buɗe akwati, ta ciro zanen aurenta, ta shimfiɗa a cinyar mahaifiyarta.

"Ki yanka, Iya. Don Allah ki yanki nawa."

Iya Sabuwa ta shafa bakin zanen da tafin hannu, ta ninke shi da kyau, ta mayar mata. Ta ɗauki almakashinta ta ƙulle a inda ta kwance shi.

"A jikin me zan ɗaura?"

Ta ajiye mata man shanun ta ce gashi yana so, ta fita neman motar Gagarawa tun rana ba ta yi zafi ba.