Farashin Lungun Iya

A wani gari, can zamanin da, wata tsohuwa da mijinta ya rasu ta rasa taku uku na tsakar gidanta, ta samu hanya mai sunanta.

Maƙwabtan bayanta ba su da mafita sai wani matsatsi da ake ratsawa a kaikaice. Mai unguwa ya zo ya ce, "Iya, sayar mana da gefen nan mu fitar da lungu." Ya taya da tunkiya, ta ce, "Albarka." Ya ƙara damin gero biyar, ta ce, "Albarka. Maigidana ya gina katangar nan da hannunsa."

Rannan aka yi rasuwa a bayan. Makara ta ƙi shiga matsatsin, sai ta kan katangar Iya aka miƙo ta, gawar tana karkacewa, Iya tana kallo.

Da aka dawo daga maƙabarta ta kira mai unguwa. "A rushe. Amma lungu shi ne wanda makara za ta bi da masu ɗaukarta."

"Nawa za mu ba ki, Iya?"

"Duk wanda ya bi, ya tsaya ƙofata ya ce mini ina kwana. A haka na sallama."